Kawu Saje da Kofur Na-Kano

Har na kai shekara ashirin a duniya, na yi imani cewa Kawu ba ya kuskure wajen sanin mutum. Duk gidanmu na Sabon Gari haka muka ɗauka, mazan da ke aiki a ƙarƙashinsa haka suka ɗauka, shi kansa ma ina jin bai taɓa shakkar hakan ba. Yanzu da Allah ya karɓi abinsa, na zauna ina neman abin da zan rubuta don kada jikokinsa su san shi a hoton bango kaɗai, sai na ga cewa a cikin duk abin da na sani game da shi, kuskurensa guda ne ya fi nuna ko shi wane ne. Allah ya jiƙansa, ya sa kabarinsa ya yi masa faɗi.

Ranar sadakar uku, tun da hantsi, tsofaffin 'yan gadinsa suka fara isowa. Ba su da yawa yanzu. Sun zo bibbiyu, kamar yadda ya saba tura su bakin aiki, wasu sanye da kwat ɗin soja da ya koɗe har ba a gane launinsa. Suka yi gaisuwa, aka shafa fatiha, suka zauna a tabarma. Da aka kawo abinci, sai suka shiga zagin juna.

Wani Babarbare ya tura wa Bafulatanin da ke gefensa akushi. "Ci, ba mai kallonka. Tun da muka shigo kake kewaya shi da ido."

"Kai dai ci a hankali," in ji Bafulatanin. "Makoki aka zo, ba suna ba."

Abokan aikina na jami'a da suka zo yi mini ta'aziyya suka dubi juna. Ɗaya ya matso ya tambaye ni a hankali ko waɗannan bayin Allah sun san inda suke. Kafin in amsa, wani saurayi ya tsayar da babur a ƙofar gida, ya sauko da kakansa, wani dogon tsoho mai sanda da muke kira Kofur. Tsohon ya tsaya a bakin rumfa ya dubi jama'a.

"Ina Bakanon? Ya riga ni tafiya ne don ya kama rumfa a bakin hanya, na san halinsa."

Liman ya sunkuyar da kai yana murmushi. Kofur ya zauna a ƙarshen tabarma, aka ajiye masa abinci, har aka watse bai taɓa shi ba.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne, kuma a hannunsa na tashi bayan rasuwar mahaifina. Mutumin ƙasar Kano ne, can aka haife shi, can ya girma, daga can ya shiga soja. Ya je yaƙin Barma ya dawo da igiya uku a hannun riga, don haka kowa ke ce masa Saje, har matarsa. Da aka sallame su, ya biyo 'yar'uwarsa Zariya ya zauna a Sabon Gari. A lokacin, in ka je bakin tashar jirgi za ka ga 'yan mazan jiya zaune a inuwa, lambobin yaƙi a ƙirji, ba aikin fari bare na baƙi. Masu sitocin auduga da gyaɗa kuwa kullum kuka suke da ɓarayi. A farkon shekarun hamsin Kawu ya haɗa waɗannan biyun. Ya bi masu sito ɗaya bayan ɗaya yana cewa su ba shi ƙofofinsu, shi zai kawo mazan da za su tsaya, shi zai amsa in an yi ɓarna. Kamfanin da a yau ɗansa yake riƙe da shi, da motoci da rigunan da aka ɗinka iri ɗaya, a zauren gidanmu ya fara, kuma ba shi da wani suna a bakin mutane sai 'yan Saje.

Kowace safiya sai an yi fareti a filin bayan gida. Ba bindiga, sai kulki da usur, amma Kawu yana bin sahu yana duba maɓalli da takalmi kamar gobe za a shiga jirgin ruwa. Matarsa takan leƙo ta katanga ta ce, "Yaƙin dai ya ƙare, amma ba wanda ya yi ƙarfin halin gaya wa Saje." Yana da wata doka da yake maimaitawa: Saje ba shi da gari. Ma'anarta, duk da shi Bakano ne a tsakiyar Zagezagi, waɗanda al'ada ta halatta musu su tsokane shi, ba wanda zai yi masa wasan gari matuƙar yana sanye da hular aiki. Kuma ban taɓa ganin ya cire ta ba sai in zai yi alwala.

Fareti bai hana shekarar farko yin muni ba. In ya ajiye mutum ɗaya a ƙofa, barci ya sace shi. In ya ajiye biyu masu shiri, sai su yi barcin tare. An taɓa kwashe wani sito har da takalman da masu gadin suka tuɓe. In kuma ya ajiye biyu marasa shiri, kafin gari ya waye an fasa kan wani, domin mutumin da ya kwana cikin ramin yaƙi ba ya ɗaukar raini, ga kuma kulki a hannu. Ƙofa ɗaya ce kawai ba a taɓa kawo ƙararta ba, wadda Bafulatanin nan da Babarbaren nan suke tsaro. Kawu ya bincika, sai ya tarar ba wanda ke iya runtsawa a cikinsu, don ya san in ya yi gyangyaɗi ɗayan zai zare masa hula ya kai ta rumfar mahauta ya rataye, kowa ya zo ya gani. Zagin juna suke daga farkon aiki har ƙarshensa, kuma ba mai ikon yin fushi, tunda tun kaka da kakanni abokan wasa ne.

A kan wannan Kawu ya sake gina kamfanin. Ya haɗa Bagobiri da Bayarabe, ya haɗa Batibi da wani Bafulatanin, ya haɗa Bakatsine da Banufe. Mutanen kudancin Zariya da suka zo neman aiki, sai ya je wurin dattawansu bayan an taso daga coci ya tambaya da wa suke wasa. Yakan ce, "Tsoron Saje yana ƙarewa da zarar Saje ya ba da baya. Tsoron dariya ba ya ƙarewa." Duk wanda ya zo neman aiki, ba a tambayarsa bataliyar da ya yi sai an gama tambayarsa garinsu, da garin uwarsa, da sana'ar gidansu. Akwai wani Bayarabe da ya yi wata guda yana jira a ɗauke shi, don ba a sami Bagobirin da za a ajiye masa ba.

Mutum ɗaya ne bai sha waɗannan tambayoyi ba, shi ne Kofur. Kawu ya san shi tun Barma. A bariki, sunan garin da aka ɗauki mutum shi ake liƙa masa, kuma tun can ana ce da shi Kofur Na-Kano. Kawu bai ga abin tambaya ba. Ya ɗauke shi ɗan'uwa, yana girmama shi, kuma da yamma in an tashi yakan kira shi zaure ya yi ta yi masa hirar gida: kasuwa, da marina, da ƙofofin gari, da gurasar da ba a iya irinta a Zariya. Kofur yakan zauna da hannuwansa a gwiwa yana cewa, "Haka ne, Saje." Kawu ya sha gaya mana cewa bai taɓa samun abokin hira mai hankali irinsa ba.

Kofur mutum ne da ba a taɓa jin dariyarsa ba. Alfarma ɗaya ya taɓa nema, ita ce a ba shi gadin rana a ƙofar gonar gwaji da ke Samaru, wurin da sauran ke gudu saboda nisa da zafin rana. Aka ba shi. Bisa ƙa'ida kuma aka haɗa shi da Bazazzage, wani gajeren mutum ɗan cikin birni da muke kira Mai Begila, don shi ke busa ta a bariki, kuma bakinsa bai huta ba tun daga lokacin. A wannan gona na fara aikin ƙaramin akawu kafin in wuce jami'a, don haka kowace safiya ina sauka daga keke a gabansu.

"Akawu, ka riƙe kekenka da kyau," Mai Begila yakan ce. "Bakano in ya ga jirgi ba ya tambayar ina za shi, sai nawa aka saye shi."

Kofur ba ya ramawa. Mun ɗauka haƙuri ne, Mai Begila kuma ya ɗauka rowa ce, har ya taɓa kai ƙara cewa an haɗa shi da Bakanon da ko zagi ba ya bayarwa kyauta.

Hanyar da ta fito daga wajen Shika ta gaban ƙofar take wucewa, kuma ranar kasuwa matan ƙauye sukan bi ta da kaya a ka. Wata ranar kasuwa da safe, ina isowa, leburori na shiga, sai ga wata tsohuwa a bayan ayari, ɗauke da damin itace, tana tafe a hankali. Mai Begila ya nuna ta da baki.

"Na-Kano, je ka taya tsohuwar can. A'a, bari. Na tuna, da uwarka ce ma da tuni ka sayar da ita haɗe da itacen."

Ban ga lokacin da hannun Kofur ya tashi ba. Na dai ga Mai Begila a ƙasa, jini a leɓensa, hularsa a cikin kwata. Allah ya taimaka da hannu ya doke shi, kulkin yana rataye a ƙugu. Baturen gona yana fitowa daga ofis ya ga komai. Ya aika aka kira Kawu, ya ce masa da Hausarsa ta bariki, "Saje, ba na son in sake ganin wannan mutum a ƙofata." Kawu ya ƙame, ya roƙi a ba shi dama ya yi shari'ar mutanensa tukuna. Baturen ya yarda.

Kafin la'asar labari ya zo cewa Kofur ya ɗaure akwatinsa na ƙarfe, yana tambayar jirgin da zai yi kudu. Kowa ya san in ya hau shi ba za a sake ganinsa ba. Kawu ya tura mutum biyu suka zo da shi, da akwatin.

Aka zauna a zaure. Kawu na kan kujerarsa, Mai Begila da kumburarren leɓe a gefe, manyan 'yan gadi a jikin bango, ni ina bakin ƙofa. Matar Kawu kuwa ta sami wake da za ta tsince daidai bayan labule.

"Kofur," in ji Kawu, "ka taɓa jin inda Bakano ya doki Bazazzage a kan wasa?"

"Ban taɓa ji ba, Saje."

"To kai za ka fara? Ka kunyata ni, ka kunyata garinmu."

Kofur ya ce, "Ni ba Bakano ba ne, Saje."



"A Kano aka ɗauke ni soja. A tasha na kwana kafin a ɗauke ni. Ban taɓa shiga cikin ganuwa ba."

"Duk hirar da muke yi fa? Marina, da kasuwa?"

"Kai kake yi, Saje. Ni 'haka ne' nake cewa."

Daga bayan labule aka ji wani tari da bai yi kama da tari ba. Kawu ya tambaye shi to shi ɗan ina ne. Sai ya faɗi sunan wani ƙauyen Maguzawa da ke bayan Shika, tafiyar da mai kaya a ka yake yi kafin rana ta yi zafi. Yana saurayi ya yi faɗa da mahaifinsa a kan noman gandu, ya yar da fartanya a farkon damina ya gudu. Yana Barma uban ya rasu. Da ya dawo, ya haɗu da wani mutumin yankinsu da ya shaida masa cewa shi ma an daɗe da fitar da rai da shi, an yi makokinsa, an sha giyar mutuwarsa. Ga shi kuma ya musulunta a bariki. Bai san da wace fuska zai shiga garin ba. Shi ya sa ya nemi ƙofar Samaru.

"Tsohuwar nan mai itace," ya ce, "ita ta haife ni. Duk ranar kasuwa nakan ga wucewarta. In ta wuce na san tana da rai."

Mai Begila ya dafe kai. Can ya ce, "Ashe ɗan ƙasarmu nake zagi duk watannin nan. Babu wasa tsakanina da kai, Kofur, zagi ne tsagwaronsa. Da ni ne da kulkin zan yi amfani. Ka yafe mini."

Duk muka koma kallon Kawu. Ni tsoro ya kama ni, domin an yaudare shi shekara da shekaru, an kuma tona a gaban mutanensa cewa shi da ke alfahari da sanin asalin kowa bai san na kusa da shi ba. Na taɓa ganin ya kori mutum a kan ƙaryar da ba ta kai rabin wannan ba. Amma sai ya sa hannu ya cire hular aiki, ya ajiye ta a kan gwiwarsa.

"Ashe," ya ce, "duk shekarun nan ina ɓarnar hirar Kano a kan mai shan fate."

Ba wanda ya yi gigin dariya.

"Shi ya sa. Ina ta mamakin Bakanon da ko allura bai taɓa sayarwa ba. Da na sani ai da na gane tun a jirgin ruwa. Bazazzage ne, wanda in ka tambaye shi hanya sai ya gyara maka tambayar kafin ya ce bai sani ba."

Kofur ya ɗago kai ya dube shi, kamar mai gwada zurfin rafi da ƙafa. Ya dubi hular da ke kan gwiwa. Sannan ya ce a hankali, "Ni ma na yi mamaki, Saje. Bakano ya yi ta ba da labari kyauta, bai taɓa cewa a biya ba. Na ɗauka kai ma a tasha aka ɗauke ka."

Mai Begila ne ya fara fashewa, ya kama leɓensa yana dariya yana kukan zafi. Zauren ya ɗauka. Kofur ma ya yi, wata irin dariya mai tsatsa, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba.

Na sha tambayar kaina ko Kawu ya auna abin da zai yi kafin ya cire hular nan, ko kuwa gajiya ya yi da zama mutumin da ba shi da gari, ya sami ƙofa ya fita. Ban sani ba, ban kuma taɓa tambayarsa ba. Ina kuma sane cewa mai ta'aziyya yakan zuba wa tuwon jiya mai. Abin da na tabbata shi ne abin da ya biyo baya. A duk kamfanin babu wani Bakano na gaskiya sai shi, kuma ƙa'idarsa ta ce Bazazzage da Bakano ake haɗawa. Washegari ya je ya gaya wa Baturen gona cewa laifin nasa ne, shi ya haɗa mutum biyu da bai kamata a haɗa ba. Baturen bai fahimci bayanin wasan garuruwa ba, ko da yake Kawu ya yi masa shi dalla-dalla. Amma ya fahimci ƙarshen maganar, cewa in an bar Kofur, Saje da kansa zai rataya kulki ya tsaya tare da shi.

Ranar kasuwa ta zagayo. Na jingine kekena na ƙi shiga ofis. Ayarin mata ya wuce, tsohuwar na baya kamar kullum. Kofur ya ƙame kamar an kafa shi. Kawu ya jira, ya ga ba zai motsa ba, sai ya fita tsakiyar hanya ya rusuna.

"Sannu, Inna. Akwai abin da kika yar, aka tsinta a Kano. Na gaji da ajiyarsa, ba ya ciniki."

Tsohuwar ta dube shi, ta bi hannunsa da kallo har kan Kofur. Ba ta sauke kayan ba. Ta daɗe tana duban sa daga ƙafa zuwa kai.

"Na sha gaya wa matan nan," ta ce, "mai gadin can tsayuwar marigayi mijina yake yi." Sai ta kira shi da wani suna da ba mu taɓa ji ba.

"Na'am, Inna."

"An sha giyar mutuwarka."

"Na ji, Inna."

"To, ba za a amayo ta ba. Karɓi itacen nan, wuyana ya gaji."

Kofur ya yi taku ɗaya, ya tsaya, ya waiwayi Kawu, domin soja ba ya barin ƙofa sai an sallame shi.

"Tafi," in ji Kawu. "Ka taɓa jin an yi wa Bakano sata da rana?"

Kofur ya miƙa wa Kawu kulkinsa, ya ɗora damin a kai bisa hular aiki, suka bi hanyar kasuwa, yana gaba tana biye tana yi masa faɗan yadda ya ɗauki kayan a karkace.

Baturen gona bai sake tayar da maganar ba. Kofur bai hau jirgin kudu ba. Shi da Kawu suka riƙe ƙofar Samaru har gwiwoyin Kawu suka gaza, kuma daga wannan shekara, duk farkon damina, Kofur yakan karɓi hutu ya tafi ƙauye ya nome gonar mahaifiyarsa.